Darasi na Tara: Bibiana Steinhaus, Alƙaliyar Wasan Ƙwallon Ƙafa

Abin da darasin ya ƙunsa

Wannan darasi a kan wata Bajamushiya ne mai suna Bibiana Steinhaus. Ita ce mace ta farko da ta busa wasa a Bundesliga, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta maza a ƙasar Jamus, kuma daga baya ta zama shugabar sashen alƙalan wasa mata a hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA. Za mu ga yadda ake hawa matakan wannan sana'a, da irin abin da ta tarar a hanya, da dalilin da ya sa aikin da ta koma yi a ofis yake da nauyi kamar wanda ta yi a fili. A karanta a tsanake, sannan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Aikin alƙalin wasa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san wanda ya fi kowa shan zagi. 'Yan wasa 22 ne a fili, kowane ɓangare da magoya bayansa, amma mai riƙe da usur ba shi da kowa. Idan ya busa daidai babu mai tunawa da shi. Idan ya yi kuskure sau ɗaya, za a kwana ana ambaton sunansa.

Wasan ƙwallon ƙafa yana da dokoki 17, kuma hukumar IFAB ce take tsara su. Doka ta 5 ita ce ta yi bayanin alƙalin wasa: ta ba shi cikakken iko a kan wasan, ta kuma ce hukuncinsa kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe. Doka ta 6 ta yi bayanin masu taimaka masa, wato mataimaka biyu masu riƙe tuta a gefen fili, da alƙali na huɗu mai kula da canjin 'yan wasa da natsuwar masu horarwa, da kuma masu duba bidiyo na VAR. A babban wasa alƙali yakan yi gudun kilomita 10 zuwa 12, babu mai canjinsa idan ya gaji, kuma a cikin wannan haki ne ake so ya tantance cikin ƙiftawar ido ko ƙeta aka yi wa ɗan wasa ko kuwa da gangan ya faɗi. Babu inda dokokin suka ce sai namiji ne zai yi wannan aiki. Duk da haka an shafe shekaru aru-aru ana ɗaukar sa aikin maza.

Ƙasar da ta taɓa hana mata wasa

Kafin a fahimci girman abin da Steinhaus ta yi, sai an san inda ta fito. A shekarar 1955 hukumar ƙwallon ƙafa ta Jamus, DFB, ta haramta wa ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta kafa ɓangaren mata ko ba su aron fili. Sai a watan Oktoba na 1970 aka ɗage haramcin. Ingila ma ta yi irin wannan doka tun 1921, ta kai shekara 50 tana aiki. Gasar Bundesliga ta mata kuwa sai a 1990 aka fara ta.

An haifi Bibiana Steinhaus ranar 24 ga Maris 1979 a Bad Lauterberg, wani ƙaramin gari a yankin tsaunukan Harz da ke jihar Lower Saxony. Wato shekara tara kacal ke tsakanin ɗage haramcin da haihuwarta. Ta fara da buga ƙwallo a ƙungiyar garinsu. Mahaifinta alƙalin wasa ne, shi ya sa usur da kati ba baƙin abubuwa ba ne a gidansu. A 1995, tana da shekara 16, ta yi kwas ɗin alƙalanci ta fara busa ƙananan wasanni.

Ku lura da wannan, domin zai dawo mana a gaba: a gida ta fara ganin sana'ar. 'Yan mata da yawa masu ƙafa da ido irin nata ba su taɓa sanin akwai wani kwas da za su shiga ba.

Mataki bayan mataki

Alƙalanci ba a shigarsa ta sama. A kowane wasa mai daraja akwai mai sa ido da hukuma take aikawa, galibi tsohon alƙali, yana zaune cikin 'yan kallo yana ba da maki: tsayuwar alƙali a inda ya dace, daidaiton hukuncinsa daga farkon wasa zuwa ƙarshe, yadda yake magana da 'yan wasa, da yadda yake kashe rigima tun ba ta kama ba. A ƙarshen kaka sai a tattara makin, wasu su hau, wasu su tsaya, wasu su sauka.

Steinhaus ta hau da sauri a farko. A 1999 ta shiga jerin alƙalan Bundesliga ta mata. A 2001 ta fara busa wasannin maza a gasar Regionalliga, wadda a lokacin ita ce mataki na uku a ƙasar. A 2003 aka ba ta wasan ƙarshe na kofin ƙasa na mata, sannan a 2005 FIFA ta sa sunanta cikin alƙalanta na ƙasa da ƙasa. Ranar 21 ga Satumba 2007 ta busa wasan Paderborn da Hoffenheim a rukuni na biyu na gasar maza, kuma wannan ne karo na farko da mace ta jagoranci wasan ƙwararrun maza a Jamus.

Duk tsawon wannan lokaci tana da wani aikin. 'Yar sanda ce a birnin Hanover, ta kai babban muƙami. Alƙalai da yawa haka suke, suna da sana'ar da suke ci da ita, suna neman lokacin atisaye da asuba ko bayan an tashi aiki.

Akwai kuma gwajin ƙarfin jiki, wanda ya kamata mu ɗan tsaya a kansa domin shi ne hujjar da masu cewa mace ba za ta iya ba suka fi kawowa. A gwajin FIFA, alƙali zai yi tseren mita 40 sau shida a jere. Manyan alƙalai maza ana ba su daƙiƙa 6 a kowane tsere, mata kuma daƙiƙa 6.4. Daga nan sai gwaji na biyu: gudun mita 75, a bi shi da tafiyar mita 25, a maimaita har sau 40. Maza suna da daƙiƙa 15 na gudun, mata 17. Amma macen da take son busa wasan maza ba a yi mata wannan rangwame. Ma'aunin maza za ta cika, kuma kowace kaka sai ta sake cika shi. Saboda haka duk wadda kuka gani a tsakiyar filin babban wasan maza ta riga ta amsa tambayar gudu tun kafin a busa usur.

Wasannin ƙarshe biyu cikin wata 13

A fagen mata sunanta ya kai ƙololuwa tun da wuri. Jamus ce ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta mata a 2011. Ƙa'ida ce ba a ba alƙali wasan ƙasarsa, don haka da 'yan wasan Jamus sun kai wasan ƙarshe, da Steinhaus ta zama 'yar kallo. Sai Japan ta fitar da Jamus da ci 1-0 a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, hanya ta buɗe mata.

Ranar 17 ga Yuli 2011 aka kara tsakanin Japan da Amurka a birnin Frankfurt, wata huɗu bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka yi wa Japan mummunar ɓarna. Sau biyu Amurka tana shiga gaba, sau biyu Japan tana farkewa. Homare Sawa ce ta ci ta biyun a minti na 117. Ana gab da tashi daga ƙarin lokaci, Alex Morgan ta Amurka ta kutsa za ta fuskanci raga, sai 'yar bayan Japan Azusa Iwashimizu ta kwashe ta a bakin da'irar mai tsaron gida. Steinhaus ta ciro jan kati kai tsaye, domin doka ta ce duk wanda ya hana damar cin ƙwallo bayyananniya ta hanyar ƙeta a wajen da'ira, kora ce hukuncinsa. Ba ta ba da fenareti ba, bugun tazara ta bayar, tunda a waje aka yi laifin. Hukunci biyu ne a lokaci guda, a minti na ƙarshe na wasa mafi girma a duniyar ƙwallon mata, kuma duka biyun sun tsaya. Japan ta ci kofin a bugun fenareti da 3-1.

Ranar 9 ga Agusta 2012 ƙasashen biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na gasar Olamfik, a filin Wembley na birnin Landan, gaban 'yan kallo sama da 80,000. Ita aka sake ba wa usur. Amurka ta rama da ci 2-1. A wannan karon ba ta tsira daga suka ba: ƙwallo ta taɓa hannun Tobin Heath ta Amurka a cikin da'ira kafin hutun rabin lokaci, 'yan Japan suka nemi fenareti, ba ta bayar ba, aka daɗe ana muhawara a kai. Babu alƙalin da bai da irin wannan rana a tarihinsa, kuma a lokacin babu VAR da za ta ba shi damar sake kallo. A watan Yuni na 2017 ta ƙara da wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai ta mata, tsakanin Lyon da Paris Saint-Germain a birnin Cardiff.

Shekara goma a bakin ƙofa

A nan ne labarin ya fi ba ni tausayi, kuma ya fi ba ni sha'awa. Matar da duniya ta amince ta riƙe wasan ƙarshe na kofin duniya da na Olamfik, a gida tana nan a rukuni na biyu. Daga 2007 zuwa 2017, kaka goma cur, tana kallon maza da suka shigo bayanta suna wuce ta zuwa Bundesliga. Abin da take samu a babbar gasar shi ne zama alƙaliya ta huɗu a gefen fili. A ganina shekara goma ta yi yawa. Ba na jin namiji mai irin wannan tarihi zai jira haka.

A cikin waɗannan shekaru ta gamu da abubuwan da abokan aikinta maza ba sa gamuwa da su. A watan Oktoba na 2014, a wasan Borussia Mönchengladbach da Bayern Munich, mai horar da Bayern, Pep Guardiola, ya zo yana ƙorafi kan lokacin da aka ƙara, ya ɗora hannu a kafaɗarta. Ta ture hannun, idonta na kan fili, ta ci gaba da aikinta. A watan Nuwamba na 2015 ta kori Kerem Demirbay na Fortuna Düsseldorf da katin gargaɗi na biyu. Yana fita ya gaya mata cewa mata ba su da gurbi a ƙwallon maza. Ta rubuta maganar a rahotonta, kamar yadda doka ta tanada. Hukuma ta yanke masa dakatarwar wasa biyar, ya nemi afuwa, ƙungiyarsa kuma ta sa shi ya je ya busa wasan ƙananan 'yan mata.

A watan Agusta na 2017 kuma, a wasan kofin ƙasa tsakanin Chemnitz da Bayern, Franck Ribéry ya sunkuya kamar zai gyara ƙwallo don bugun tazara, sai ya kwance mata igiyar takalmi. Tana da ikon ba shi kati. Ta yi murmushi, ta ɗan bubbuga masa kafaɗa, wasa ya ci gaba. Wasu sun ce ta yi sassauci. Ni abin da na gani shi ne mace mai bambance wasa da raini: wanda ya yi zolaya ta bar shi da zolayarsa, wanda ya taɓa mutuncin mata gaba ɗaya ta kai shi gaban hukuma. Wannan hankalin ba ya cikin dokoki 17, a fili ake koyon sa.

Ranar 10 ga Satumba 2017

A watan Mayu na 2017 DFB ta sanar da ɗaga ta zuwa Bundesliga tare da maza uku. Tana da shekara 38. Gasar ta fara tun 1963, kuma mace ba ta taɓa riƙe usur a cikinta ba. Haka ma manyan gasannin Ingila da Sifaniya da Italiya da Faransa. Akwai waɗanda suka riga ta a wasu ƙasashe, kamar Nicole Petignat da ta busa babbar gasar maza ta Suwizalan tun 1999, amma a cikin manyan gasanni biyar na Turai Steinhaus ce ta farko.

Wasanta na farko shi ne Hertha Berlin da Werder Bremen a filin Olamfik na Berlin. Kafin hutun rabin lokaci aka yi wa Vedad Ibišević na Hertha ƙeta. Alƙali mai fargaba a ranarsa ta farko zai yi maza ya busa, don kada a ce bai gani ba. Ita ta ga ƙwallon tana hannun Hertha kuma hanya a buɗe take, sai ta bar wasa ya gudana, Mathew Leckie ya zura ƙwallo a raga. Doka ta 5 ta yarda da haka: idan tsayar da wasa zai amfani wanda ya yi laifin, alƙali ya ƙyale a ci gaba. Thomas Delaney ya farke wa Bremen, aka tashi kunnen doki 1-1.

Ta busa wasa 23 a Bundesliga cikin kaka uku. Wasanta na ƙarshe a tsakiyar fili shi ne na kofin Supercup ranar 30 ga Satumba 2020, inda Bayern Munich ta doke Borussia Dortmund 3-2. Ta ajiye usur tana da shekara 41, alhali a lokacin alƙalin Bundesliga yana iya kaiwa 47.

Daga fili zuwa ofis

A ranar da ta sauka, babu wata mace a jerin masu busa Bundesliga. Ta shiga ita kaɗai, ta fita ita kaɗai. Wannan shi ne raunin nasarar mutum ɗaya: ana iya yi masa tafi, a ce ai shi daban ne, a mayar da ƙofa a rufe. Abin da yake hana haka shi ne tsari, kuma tsari a ofis ake yin sa.

A 2021 ta koma aiki a Ingila. A shekarar ne ta auri Howard Webb, alƙalin da ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu. A shekarar ce kuma PGMOL, hukumar da ke kula da alƙalan gasar Firimiya, ta karɓi ragamar alƙalan manyan gasanni biyu na mata a ƙasar, ta naɗa Steinhaus-Webb darakta ta farko ta wannan sashe. A watan Oktoba na 2024 FIFA ta ba ta shugabancin sashen alƙalai mata na duniya, muƙamin da Ba'amurkiya Kari Seitz ta riƙe kafin ita. A can tana aiki tare da Pierluigi Collina, shugaban kwamitin alƙalan FIFA, kuma babban abin da ke gabanta shi ne shirya waɗanda za su busa gasar kofin duniya ta mata a Brazil a 2027.

Mene ne ainihin aikin irin wannan ofis? Shi ne zaɓar wadda za a ba wane wasa, da kuma yaushe. Idan aka jefa sabuwar alƙaliya cikin wasa mai zafi tun ba ta nuna ba, ta yi kuskure, sai a ce an gani, mata ba su iya ba. Idan kuma aka ƙi ba ta komai sai ƙananan wasanni, ba za ta taɓa samun makin hawa ba. Aikin ya haɗa da samo masu horar da jiki da masu nazarin bidiyo, da zama da alƙaliya bayan wasa a bi hukuncinta ɗaya bayan ɗaya, da neman a biya ta kuɗin da zai sa ta rage dogaro da wani aikin. Ya haɗa da tanadin yadda wadda ta tafi haihuwa za ta dawo ba tare da ta koma matakin farko ba. Kuma ya haɗa da kai kwas inda 'yan mata suke, domin ba kowace yarinya ce mahaifinta yake da usur a gida ba. Babu mai ɗaukar hoton irin wannan aiki, amma wadda ta yi zaman jira na shekara goma ta fi kowa sanin inda ake toshe hanya.

Waɗanda suka biyo baya

Kada a ɗauka ita kaɗai ta yi wannan tafiya. A gasar kofin duniya ta mata ta farko, a ƙasar Sin a 1991, maza ne suka busa kusan dukkan wasannin, sai wasan neman na uku da aka ba Cláudia Vasconcelos ta Brazil. Zuwa 1999 mata ne suka busa gasar baki ɗaya. Bayan Steinhaus, Stéphanie Frappart ta shiga babbar gasar Faransa a 2019, Maria Sole Ferrieri Caputi ta shiga ta Italiya a 2022, Rebecca Welch kuma ta busa wasan Fulham da Burnley a gasar Firimiya ranar 23 ga Disamba 2023. Frappart ce ta zama mace ta farko da ta busa wasa a gasar kofin duniya ta maza, tsakanin Kosta Rika da Jamus a Katar, ranar 1 ga Disamba 2022.

A nahiyarmu, Salima Mukansanga ta Ruwanda ta busa wasan Zimbabuwe da Gini a birnin Yawunde na Kamaru ranar 18 ga Janairu 2022, karo na farko da mace ta jagoranci wasa a gasar kofin nahiyar Afirka ta maza. Waɗanda suka kalli wasan Najeriya da Gini Bisau a Abijan ranar 22 ga Janairu 2024, wanda Najeriya ta ci 1-0, za su tuna cewa mace ce a tsakiyar fili. Sunanta Bouchra Karboubi, 'yar ƙasar Maroko, kuma ita ma 'yar sanda ce.

Tambayoyi da aikin aji

1. A wace shekara DFB ta hana mata buga ƙwallo a ƙungiyoyinta, kuma shekara nawa haramcin ya yi?
2. Me ya sa Steinhaus ta ba Iwashimizu jan kati amma ba ta ba Amurka fenareti ba?
3. Alƙalin da ya kammala gudun mita 75 da tafiyar mita 25 sau 40, mita nawa ya ci gaba ɗaya? A mayar da amsar zuwa kilomita.
4. Ta kai ƙarar Demirbay, ta ƙyale Ribéry. Ku kasu gida biyu: ɓangare ɗaya ya kare abin da ta yi, ɗayan ya kawo hujjar cewa kamata ya yi ta hukunta su duka.
5. Ku nemi wata mace a garinku ko unguwarku da ta fara shiga wata sana'a ko wani aiki da a da ba a san mata da shi ba. Ku tambaye ta wa ya koya mata, da kuma ko akwai wadda ita take koya wa yanzu. Kowa ya rubuta abin da ya samo a layi goma, a karanta a aji mako mai zuwa.